Na bi wani kamfanin tafiye-tafiye daga Kano zuwa tsibiran Sawo Tome, ga yadda muka kwashe da su

Tun da na dawo ake ta tambayata a kasuwa da WhatsApp, wai wane kamfani ne ya kai mu, nawa muka biya, kuma abun ya ci kuɗinsa ko kuwa asara muka yi. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in rubuta sau guda kowa ya karanta. Sunan kamfanin dai ba zan kama ba. Ofishin ejan ɗin tikiti ne a nan cikin Kano, irin waɗanda asalin aikinsu Umra ne da Dubai da Misira, sai kwanan nan suka ɓullo da wani abu wai shi yawon ganin halittun Allah. In da taurari ake bayarwa, tsibiran kansu biyar cif zan ba su, kamfanin kuwa uku, ukun ma albarkacin mutum ɗaya da zan zo kan zancensa.

Ni ɗan Kwari ne, yadi nake sayarwa, amma duk wanda ya san ni ya san ni da tsuntsu. Tun ina firamare nake kiwon tantabara a saman soron gidanmu, yanzu kuma ina da kanari guda shida da uwargida kullum take mitar sun fi yara cin kuɗi. Na je Yankari, na je Falgore, na je fadamar Nguru kallon tsuntsayen da suke zuwa daga Turai lokacin sanyi. Shi ya sa da wani abokina ya turo min tallan nan ban yi wata-wata ba. A jikin tallan akwai hoton dutse yana aman wuta ja-wur, narkakken dutse na gangarowa cikin teku, a gefe ga wani ƙaton kifin wel ya yi tsalle sama, an rubuta kwana takwas a tsibirai masu aman wuta. Ku riƙe hoton nan a ranku, za mu dawo kansa.

Kuɗin ya ɗan haura na Umra mai kyau ta mutum guda, kuma ya haɗa da tikiti da biza da masauki da karin safe da motar yawo. Ta fannin takardu gaskiya ba ni da ta cewa, nan ne suka ƙware. Fasfo na miƙa da katin allurar shawara, suka yi komai, rasit suka ba ni na kowane kobo, ba a taɓa kirana an ce in ƙaro wani abu ba. Suka buɗe mana guruf a WhatsApp mu bakwai, ni, wani Alhaji dattijo ɗan Fagge, wani likita da muke ce wa Dakta, wata Hajiya da maigidanta, wani saurayi mai ɗaukar hoto, sai yaron kamfani da zai raka mu. Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a watan Janairu ana tsakiyar hazo, muka kwana Legas, washegari Akara ta Gana, daga can muka sauka Sawo Tome. Abun dariya ƙasar nan tana kudu da Najeriya kaɗan a cikin Tekun Gini, ta fi Jidda kusa da mu nesa ba kusa ba, amma sai da muka yi zagaye kamar masu gudun bashi.

Ga wanda bai san ta ba, sunanta Sawo Tome da Firinsipe, tsibirai biyu ne manya da wasu ƙanana, kimanin kilomita 250 daga gaɓar Gabon. Duk faɗin ƙasar bai wuce murabba'in kilomita 1,000 ba, jihar Kano ta ninka ta wajen sau ashirin, mutanenta kuma dubu ɗari biyu da ɗoriya, ƙaramar hukumar Dala kaɗai ta fi su yawa. A Afirka Seshel ce kawai ta fi ta ƙanƙanta. Turawan Fotugal ne suka iske tsibiran wajen 1470 babu kowa a ciki, suka mulke su har 12 ga Yuli 1975 da suka samu 'yanci, don haka yaren Fotugal suke yi. Nan fa aka fara samun matsala, don yaron da aka haɗo mu da shi ko gaisuwa bai iya ba da yaren, Turancinsa dai tsaf amma a can Turanci bai cika aiki ba. Ranar farko a wajen cin abinci mun fi minti ashirin muna bebanci da mai kawo abinci a kan ko akwai alade a cikin miya. Nace wa yaron namu ƙanena kai ka taɓa zuwa ƙasar nan kuwa, ya sosa ƙeya yace wallahi Yaya yau ce ranata ta farko, ni ma a intanet na gan ta.

Maganar abincin nan ita ce ta fi ɓata min rai. Kamfanin da yake kai mutane Umra ai shi ya kamata ya fi kowa tunanin halal. Ƙasar yawanci Kiristoci ne 'yan Katolika, Musulmi 'yan kaɗan ne, alade kuwa a ƙauyuka yawo yake a titi kamar yadda awaki ke yi a unguwanninmu, amma babu wanda ya kira masaukin tun kafin mu zo yace ga irin baƙin da za su sauka. Allah ya taimake mu ƙasar kifi ce. Kifi gasashshe ɗanye shakaf daga teku, da soyayyar ayaba, da gwaza, da wani ɗan itace ƙato kamar kan mutum da suke gasawa a wuta, cikinsa fari kamar tsakanin burodi da dankali, da yaji yana tafiya sosai. Akwai miyarsu kalulu ta ganyaye da busasshen kifi da manja da kuɓewa, ta yi min, sai dai dole ka tambaya ta kifi ce ko ta nama. Hajiya Allah ya saka mata da alheri ta zo da dambun nama da yaji cike da roba biyu, su suka riƙe mu. In za ka je, kilishinka da yajinka su riga fasfo shiga jaka.

Sannan kuɗi. An ce mana kati zai yi aiki. Nawa dai bai yi ba, na Dakta ma haka. Kuɗinsu dobra ne, an ɗaure shi da yuro, yuro ɗaya dobra 24.5, kuma kusan ko'ina za a karɓi yuro a hannunka. Da an faɗa mana haka tun a gida ai da na leƙa Wapa na canji yuro ƙanana na huta, maimakon dalar da na riƙo ina neman mai canji.

Yanzu hoton nan. Kwana na biyu da safe muka fito, wani mutum gajere baƙi mai faɗin ƙirji yana jiranmu da adda a hannu da takalmin roba har gwiwa, shi ne jagoran da wakilin kamfanin na can ya samo mana, yana jin Faransanci da ɗan Turanci kaɗan, Dakta kuma ya yi karatu a Nijar don haka ya zama tafinta. Mai ɗaukar hoton nan ya nuna masa tallan a waya yace yaushe za mu je wajen wutar. Mutumin ya kalla ya kalla sai ya fashe da dariya har yana dafa mota, yace wannan ba ƙasarsu ba ce, shi tun da aka haife shi, kai tun da mutane suka fara zama a tsibirin, dutse bai taɓa aman wuta ba. Eh aman wuta ne ya haifi tsibiran daga ƙarƙashin teku, amma shekaru miliyoyi ke nan, wutar ta mutu tuntuni. Kifin wel kuma yace yana zuwa, amma daga wajen Yuli zuwa Oktoba, mu kuma ga mu a Janairu. Wato abu biyun da aka zana a talla babu ko ɗaya da za mu gani. Wallahi a lokacin raina ya ɓaci, Alhaji kuwa cewa ya yi a kira masa mai kamfani yanzu-yanzu.

Sai dai mutumin nan, wanda daga ranar muka laƙaba masa Sarkin Dawa, ya ce mana wata kalma da duk ƙasar ke faɗa, lebe-lebe, wato a hankali a hankali, sannu ba ta hana zuwa. Yace ku biyo ni tukuna, in kun dawo ku yi faɗan.

Ya kai mu wani lambun itatuwa a kan tudu da ake kira Bom Suseso, daga nan ake shiga dajin Obo, gandun da gwamnatinsu ta keɓe a 2006. Mun fara hawa da ƙafa ta cikin gonakin kabeji da karas, sai kawai daji ya haɗiye mu. Ni ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Bishiyoyi dogaye har ba ka ganin ƙarshensu, kowace an lulluɓe ta da gansakuka, igiyoyi na reto, ruwa na ɗiga daga ganye ko ba a ruwan sama, gajimare yana ratsawa ta tsakaninmu kamar hayaƙin girki. Ga sanyi! Kamfani sun ce mana ƙasar zafi ce ku ɗauki kaya marasa nauyi, ba wanda ya ambaci rigar ruwa ko takalmin kirki, ni da kambas ɗina fari na zuwa ɗaurin aure, Alhaji da kufta da takalmi sau-ciki. Taɓon wajen ja ne mai santsi kamar an zuba karkashi. Na faɗi sau uku, maigidan Hajiya ya faɗi ya ja ta suka tafi tare, Sarkin Dawa ya sare mana sanduna da addarsa kowa ya dogara. A kudancin tsibirin nan ruwan da ake yi a shekara yana haura milimita 5,000, mu Kano in mun samu 1,000 sai mu ce damina ta yi albarka, ka ga kuwa ai ba wajen zuwa da sau-ciki ba ne.

Bayan wajen awa biyu muka gangara wani fili zagayayye a tsakiyar daji, ciyawa shimfiɗe kamar filin ƙwallo, sunansa Lagowa Ameliya, sama da mita 1,400 daga matakin teku. Sarkin Dawa yace toh ga bakin dutsen da kuke nema, nan wuta take fitowa a da. Muka ce ina? Yace kuna kai. Ya ce wa yaron kamfani ya yi tsalle, yana dira sai ƙasar gaba ɗaya ta girgiza a ƙarƙashinmu kamar katifar ruwa, Hajiya ta saki salati. Ashe ramin cike yake da ruwa, ciyawa ce ta saƙu a samansa shekara da shekaru har ta zama tabarma mai ɗaukar mutum. Ya ɗauko wata doguwar gora ya soka, ta shige duka ba ta taɓa ƙasa ba. Yace kar kowa ya matsa daga inda ya nuna. Na tsaya a wajen shiru, ina jin ruwa na motsi ƙarƙashin ƙafata, a bakin da ya taɓa tofar da wuta, na manta da batun faɗa da mai kamfani sam.

A hanyar dawowa Dakta ya ƙara mana wani abu da ban sani ba, wai tsibiran nan layi ɗaya suke da Dutsen Kamaru da tsibirin Biyoko da Annobon, jerin duwatsun aman wuta ne da ya taso daga cikin teku ya shiga tudu, har tsaunukan Biu na jihar Borno ana lissafa su a ciki. Alhaji yace ashe dai 'yan uwa ne, shi ya sa Najeriya ta yi yarjejeniyar man fetur na cikin teku da su a 2001, mu kashi 60 su 40. Shi Alhaji ya san ƙasar ne ta wani fannin daban, yace lokacin yaƙin basasa yana saurayi a rediyo yake jin sunanta, don daga filin jirgin da muka sauka jiragen agaji suke tashi da daddare suna kai abinci Biyafara. Ya daɗe yana kallon filin ranar da za mu taho, bai ce komai ba.

Tsuntsaye kuwa, abun da ya kai ni ke nan. Ka san tsuntsun farko da na gani bayan duk wannan kuɗi da zagaye? Shirwa. Shirwa dai tamu mai ɗauke 'yan tsaki, cike da sararin babban birnin, har na yi dariya ni kaɗai. Amma da muka shiga daji labari ya canja. Saboda tsibiran ba su taɓa haɗuwa da tudun Afirka ba, duk tsuntsun da iska ta jefo nan sai ya zauna ya rikiɗe ya zama nasa iri, akwai sama da iri 25 da babu su ko'ina a duniya sai nan. Wani abun mamaki, ƙananan tsuntsaye a nan girma suke yi, manya kuma su ƙanƙance. Na ga marai, mai saƙa sheƙar nan da muke gani a bakin rafi, amma na nan ƙato ne, sheƙarsa kamar ƙwallon ƙafa. Na ga mai dogon bakin nan mai shan ruwan fure, wanda namu bai wuce babban yatsa ba, na nan baƙi ne dogo, shi ne mafi girma a danginsa duk duniya. Akwai wani ɗan mitsitsi da suke kira turuki, da asuba yake tashi sama yana tafa fukafukai ƙas ƙas ƙas kamar mai kaɗa yatsu, shi yake tashina sallah. Sarkin Dawa ba ya amfani da waya ko rikoda, da baki yake kiransu, ya yi fito sau biyu ya ɗaga hannu mu yi tsit, sai ka ga abu ya sauko reshe. Madubin hangen nesa guda ɗaya ne tal, nasa, tsoho an ɗaure da roba, muna karɓa-karɓa. Kamfanin da ya sayar da tafiyar kallon tsuntsu bai tanadi ko ɗaya ba, bai kuma ce mu zo da namu ba.

Wanda na fi ƙwallafa rai a kai ban gan shi ba. Ɗan uwan kanari ne, ja-ja mai ƙaton baki, shi ne kanari mafi girma a duniya, an yi sama da shekara ɗari ba a gan shi ba har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1991 aka sake ganinsa. Shi da wani ɗan ƙaramin jinjimi suna can cikin ƙurmin kudu, sai an yi kwana biyu ko uku ana tafiya ana kwana a tanti. Sarkin Dawa ya kalli kambas ɗina ya kalli cikina yace sai dai wani zuwan. Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa. Ya kuma gargaɗe mu da baƙin kumurcinsu, yace shi ne abu ɗaya da ake tsoro a dajin, babu zaki babu kura babu damisa, birai ma kawo su aka yi.

Ranar da muka yi kudu ita ce ta biyu a daɗi. Titin ya bi gaɓar teku, duwatsun bakin ruwan baƙaƙe ƙirin kamar gawayi, narkakken dutsen da ya daskare ke nan. Akwai inda ake kira Bakin Jahannama da yarensu, igiyar ruwa ke shiga wani rami a cikin dutsen ta feso sama da ƙara, Alhaji yace a'uzubillahi wane irin suna ne wannan, ya ƙi matsawa. Can gaba cikin gonakin kwakwar manja direba ya tsaya yace ga Piko Kawo Garande, wato Babban Kare. Muka duba babu komai sai gajimare. Lebe-lebe. Mun fi rabin awa a tsaye muna cin ayaba, sai gajimaren ya yaye a hankali, wallahi sai da gabana ya faɗi. Dala da Goron Dutse a zaune suke, wannan a tsaye yake cak kamar an kafa taɓarya a tsakiyar daji, tsininsa mita 663 daga matakin teku. Bayaninsa shi ne narkakken dutse ne ya daskare a cikin maƙogwaron dutsen mai aman wuta, ruwan sama ya yi ta cinye jikin na waje mai taushi har ya ƙare, ya bar abun da ya toshe maƙogwaron a tsaye. Minti biyar ya ba mu ya sake rufewa.

Daren ranar muka kwana a wasu bukkokin katako a bakin teku a Jale, ba netwok, wutar sola ce 'yar kaɗan, sauro kuwa kamar Kano a watan Agusta amma akwai gidan sauro mai kyau. Wajen sha ɗayan dare mai gadin gaɓar ya ƙwanƙwasa mana yace ta fito. Kunkurun teku ce, mace, faɗin bayanta ya kai babban faranti na cin tuwon gidan biki, ta jawo jiki daga ruwa tana nishi, ta haƙa rami da ƙafafun baya a natse kamar mai kwaɓa fura, ta fara zuba ƙwai farare masu taushi kamar ƙwallon tebur, sama da ɗari. Hawaye na zuba daga idonta, Hajiya tace wayyo naƙuda ko'ina naƙuda ce, Dakta yace gishiri take fitarwa ta ido, Hajiya tace Dakta kai dai ba ka taɓa haihuwa ba. An hana fitila sai ja, an hana filashin waya don yana ruɗa su su koma ruwa ba su yi ƙwan ba, kuma wannan ma kamfani bai gaya mana ba, sai da maigidan Hajiya ya haska aka yi masa tsawa ya ji kunya. Mai gadin yace ƙwan na yin kamar wata biyu kafin ya ƙyanƙyashe, kuma zafin yashi ne ke sa su zama mata ko maza, in ya yi zafi mata sun fi yawa. Yace shi da kansa da can kama su yake yana sayar da nama, tun da aka kafa dokar hanawa a 2014 ya koma gadinsu ana biyansa. Lokacin zuwansu daga wajen Oktoba ne zuwa Maris, wato a nan dai mun dace da lokaci, ko da yake na tabbata dace ne kawai ba lissafin kamfani ba.

Washegari kwale-kwale mai inji ya tsallaka da mu wani ɗan tsibiri, Rolas, inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa. An yi taswira a ƙasa, ka sa ƙafa ɗaya a arewacin duniya ɗaya a kudanci a ɗauke ka hoto, shi ke nan. Rigunan ceto huɗu ne mu tara a jirgi, wannan ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, Bakano da teku ai sai a hankali.

Sun kai mu tsofaffin gandayen koko ma, koko na cakulan nake nufi ba na shan ƙosai ba. A farkon shekarun 1900 ƙasar nan ce kan gaba a duniya wajen nomansa, da gumin mutanen da aka kwaso daga Angola da Kef Bade da Mozambik ana musu aikin da bai da maraba da bauta. Gine-ginen na nan, manyan asibitoci da layin dogo duk sun ruɓe, bishiyoyi sun fito ta taga, jikokin leburorin na zaune a ciki. Na sha ɗanyen koko, farin abun da ke jikin ƙwallon, zaƙi da tsami kamar tsamiyar biri. A arewacin tsibirin kuma, wajen wani ruwa shuɗi da ake kira Lagowa Azul, ƙasar a bushe take da ciyawa, sai ga kukoki jere a bakin teku! Kamar an ɗauko hanyar Bichi an dasa a gaɓar ruwa. Na ce wa Sarkin Dawa mu ganyen nan muke miya da shi, ya riƙe baki yace su 'ya'yan kawai suka sani.

Babban laifin kamfanin shi ne Firinsipe. A takarda an rubuta kwana biyu a can. Ƙaramin jirgi ne ke zuwa, tafiyar kamar minti 40, kujeru kaɗan, ashe ba su tabbatar da kujerunmu ba sun dai rubuta suna. Muka je filin jirgi da jakunkuna aka ce babu mu. Yini guda muka yi a zaune a masauki, washegari aka samu, don haka kwana ɗaya muka yi a tsibirin da ya fi kyau a cikin biyun. Mutanensa 'yan dubbai ne kawai, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2012, babban garinsa Santo Antoniyo bai kai unguwa guda a Kano ba. A nan na ga aku, irin mai toka-toka da jan wutsiya da muke gani a keji ana koya masa sallama, amma garke guda a sama suna ihu suna wucewa da yamma. Ban san haka suke da saurin tashi ba. Tun da na dawo in na wuce masu sayar da tsuntsu na ga aku a keji sai in kau da kai, ni da nake da kanari shida a gida, ban dai san yadda zan yi da wannan ba tukuna. Mun leƙa gandun Sundi a gurguje, inda wani Bature masanin taurari Eddington ya ɗauki hoton kusufin rana ran 29 ga Mayu 1919 ya tabbatar da maganar Einstein cewa haske na lanƙwasa in ya wuce kusa da rana. Dakta kamar ya yi kuka don murna, mu dai muka ce masa Allah ya ƙara ilimi. Wata 'yar mujiya da sai a 2022 masana suka tabbatar sabon iri ce tana dajin kudancin tsibirin, da dare ake nemanta, daren da aka cinye mana ke nan.

Inda zan yaba musu, mai kamfanin yana ɗaga waya ko ƙarfe nawa ne, bai yi mana gardama ba, bai ɗora wa yaronsa laifi ba. Da muka dawo na je ofis da kaina, ya taso ya tare ni yace Alhaji a yi haƙuri, mun yi kuskure, sabon shiga ne mu a wannan layin. Kuɗin kwana ɗayan Firinsipe ya dawo mana da shi cikin sati biyu ba tare da mun bi shi ba. Yaron ma duk da rashin sani bai da ƙiwa, shi ya goya jakar Alhaji a daji, shi yake duba mana alƙibla a waya, yana tuna mana agogonsu na bayan namu da awa ɗaya kuma magariba na yi da wuri.

Wanda zai bi su, kafin ka biya ka sa su nuna maka tikitin ƙaramin jirgin da lambarsa ba alkawari ba, ka tambayi wane ne jagora a can kuma wane yare yake ji, ka sa su rubuta wa masauki batun abinci. In kifin wel kake so ka tafi cikin rani nasu, Yuli zuwa Satumba, lokacin ma taɓo ya yi sauƙi, in kunkuru ne ka tafi irin lokacin da muka je. In kuma kai mai son shiga mol ne da sayayya da hoto a gaban dogon bene, don Allah ka riƙe kuɗinka ka tafi Dubai, a can ko tsarabar kirki ban samu ba sai cakulan da kofi, uwargida har yau tana min gori.

Na ce wa mai kamfanin ranka ya daɗe abu ɗaya nake roƙo, a cire hoton wutar nan daga talla, ga hotunan Babban Kare da kunkuru da mai hotonmu ya ɗauka kyauta zai ba ku. Yace in sha Allahu gobe-goben nan. Shekaranjiya na ga sun sake sakin tallan tafiyar watan Agusta a status, an gyara an ƙara rigar ruwa da takalmin daji a jerin kayan da za a riƙo, an rubuta abinci halal da manyan baƙi, dutsen nan kuwa yana nan yana ta aman wutarsa.